BABI NA HUƊU: LANƘWASASSHEN TAKOBIN BARADE A KUDANCIN KANO, GANE ASALINSA DA AMFANINSA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan kayan yaƙin Hausawa gaba ɗaya, tun daga baka da kibiya har zuwa lifidi da sulke. A wannan babi kuwa za a taƙaita ne a kan makami guda ɗaya, wato lanƙwasasshen takobi mai kaifi ɗaya, wanda siffarsa ta saɓa wa ta takobin da Bahaushe ya saba ratayawa. Tambayoyi biyu babin zai yi ƙoƙarin amsawa. Ta farko ita ce, idan aka ci karo da irin wannan takobi cikin kayan gado a Bebeji ko Kiru ko Tudun Wada ko Doguwa, ta yaya za a gane inda aka ƙera shi da zamanin da aka ƙera shi? Ta biyu kuma, wane aiki aka yi da shi, yaƙi ne, ko ado, ko alamar sarauta?

Dalilin ɗauko wannan batu shi ne, a garin Bebeji ne sojojin Turawan Ingila suka fara gwabzawa da Kanawa a shekarar 1903. Saboda haka abu ne mai sauƙi a ɗauki duk wani baƙon takobi da aka gani a yankin a jingina shi ga wannan rana, a ce daga hannun Nasara aka karɓe shi. Idan kuwa aka yi haka ba tare da bincike ba, to an binne tarihin fatauci da na ƙira da na yaƙe-yaƙen kan iyaka na shekaru masu yawa, an maye gurbinsa da labarin yini ɗaya. Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane.

4.1 Matsayin Yankin a Ƙarni na 19

Waɗannan ƙananan hukumomi huɗu suna kudancin Jihar Kano ne, kuma a ƙarni na 19 yankin yana da fuska biyu. Fuska ta farko ita ce ta ciniki. Bebeji gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake da ta haɗa Zariya da Kano. Baturen nan mai yawon bincike Hugh Clapperton, wanda aka fi sani da Abdullahi a ƙasar Hausa, ya ratsa ta garin a shekarar 1826, ya kuma bayyana shi a matsayin babban gari mai yawan jama'a da hada-hada. A nan ne kuma aka haifi Alhassan Ɗantata wajen shekarar 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro zuwa Gwanja. Tsohon masallacin garin yana cikin gine-ginen da gwamnatin tarayya ta ayyana a matsayin kayan tarihi na ƙasa. Daga can kudu kuwa akwai Riruwai, hedikwatar ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka daɗe ana haƙar kuza ana narkawa tun kafin zuwan Turawa.

Fuska ta biyu ita ce ta yaƙi. Wajen shekarar 1846 Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa ta ƙasar Kano a kan rigimar haraji, suka shige duwatsun Ningi, suka haɗa kai da ƙabilun wurin irin su Butawa da Warjawa. Daga nan aka shafe fiye da shekara 50 Ningawa suna kai hari kudancin Kano. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya sha fama da shugabansu Ɗan Maje, haka nan sarakunan da suka biyo bayansa sun gaji wannan fama har zuwa zamanin Sarki Alu. Tudun Wadan Ɗankadai da garuruwan da ke gefen dajin Falgore suna cikin wuraren da ke bakin daga. Ke nan yanki ne da makamai ke shigowa ta hanyar kasuwa, ana kuma bukatar su dare da rana.

4.2 Takobin da Aka Saba da Shi

Kafin a kira wani takobi baƙo, wajibi ne a san wanda yake ɗan gida. Takobin Hausa miƙaƙƙe ne, mai kaifi biyu, mai faɗi daga gindi, yana ɗan tsukewa zuwa baki. Bakinsa ba shi da tsini sosai, domin an fi yin sara da shi a kan suka. A tsakiyar ruwansa akan sami kwarmi ɗaya ko uku da suka bi tsawonsa. Ƙotarsa gajera ce, tana da makarin hannu da ya gitta a miƙe, wanda akan lulluɓe da fata ko tagulla. Kubensa na fata ne, aikin dukawa, sannan ana rataya shi a kafaɗa da hamila. Wannan siffa ita ce ta takobin Buzaye, har ma sunan kusan ɗaya ne a harsunan biyu.

Yawan sunayen da Hausa take da su ya nuna cewa mutanen da sun san takubba iri-iri. Masanin tarihi Joseph Smaldone, a littafinsa na 1977 a kan yaƙi a Daular Sakkwato, ya tattaro da dama daga cikinsu. Ga kaɗan:

(a) Kansakali: wani suna ne na takobi.
(b) Dunhu: takobin da ba shi da zane ko kwarmi a ruwansa.
(c) Tamogashi: mai layi uku a tsawon ruwansa.
(d) Bisalami: lanƙwasasshe mai kaifi ɗaya.
(e) Hindi: shi ma lanƙwasasshe, sunansa na nuni da ƙasar Indiya.
(f) Hankatilo: lanƙwasasshe da ake dangantawa da Barno.
(g) Lafaranji: mai kaifi ɗaya, sunansa daga kalmar Larabci da ke nufin mutanen Turai.

Abin lura a nan shi ne, tun da harshe ya tanadi sunaye har uku ko huɗu domin takobi mai kaifi ɗaya, to Hausawa sun san shi tun kafin Turawan mulki su iso. Ƙarancinsa ne kawai ya sa ya zama abin kallo.

4.3 Siffar Takobin da Ake Nazari

Takobin da wannan babi ya shafa yana da alamomi huɗu da suka raba shi da na gida. Na farko, ruwansa a lanƙwashe yake kamar jinjirin wata. Na biyu, gefe ɗaya ne ke da kaifi, ɗaya gefen kuwa kauri gare shi kamar bayan adda. Na uku, maimakon siraran layuka yana da kwarmi ɗaya mai faɗi da ya bi kusa da bayan. Na huɗu, wani lokaci ƙotarsa tana da ƙarfen da ya zagayo ya kare yatsu, wani lokaci kuma an cire wannan an sa masa ƙota irin ta gida. Wannan siffa ta ruwa ita ce ta takubban sojan doki na ƙasashen Turai a ƙarshen ƙarni na 18 da cikin na 19. Guda biyu daga cikinsu sun fi bazuwa a duniya.

Na farko shi ne samfurin Ingila na shekarar 1796, wanda wani hafsa mai suna John Le Marchant ya tsara. Tsawon ruwansa kimanin inci 33 ne, yana ƙara faɗi wajen baki, ƙotarsa ta baƙin ƙarfe ce mai kama da likkafa. Sojojin Furushiya ta ƙasar Jamus sun kwaikwaye shi a 1811. Bayan an gama yaƙe-yaƙen Napoleon a 1815 an sayar da rarar irin waɗannan makamai, suka watsu har Indiya, inda mahaya suka riƙa sauya musu ƙota. Na biyu shi ne samfurin Faransa na shekarar 1822, wanda ya fi na Ingila tsawo da siranta, ƙotarsa ta tagulla ce mai rassa uku. Mandingo na yankin Mali da Gini sun shahara da ɗaura irin ruwan takubban Faransa a kan ƙota da kube nasu na fata. Haka nan a Maroko akwai takobin da ake kira nimsha, wanda galibi ruwansa na Turai ne, ƙotarsa ta gida. Wannan ya nuna cewa haɗa baƙon ruwa da ƙotar gida al'ada ce da ta game Afirka ta Arewa da ta Yamma.

4.4 Hanyoyin da Zai Iya Biyowa

4.4.1 Hanyar Hamada

Wannan ita ce hanya mafi daɗewa kuma mafi girma. Clapperton, a zuwansa Kano na farko a 1824, ya rubuta cewa ruwan takubban da ya gani ana kawo su ne daga tsibirin Malta zuwa Bangazi, a ƙetaro hamada da su zuwa Barno, daga nan sai ƙasar Hausa, a Kano kuma ake ɗaura musu ƙota da kube a rarraba su. Heinrich Barth, wato Abdulkarim, wanda ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kimanin 50,000 a kowace shekara, mafi yawansu daga garin Solingen na Jamus. Ko da an ɗauka cewa ƙiyasin nasa ya yi yawa, ya isa ya nuna cewa ruwan takobi na Turai kaya ne na yau da kullum a kasuwar Kurmi, shekara 50 kafin faɗuwar Bebeji. Yawancin abin da ake kawowa miƙaƙƙu ne, domin su masu saye suke so, amma ayarin da ya ɗauko dubbai ba zai rasa 'yan lanƙwasassu a ciki ba. Bafataken Bebeji da ke shiga Kurmi yana iya sayen irinsa kamar yadda zai sayi alkyabba ko jar dara.

4.4.2 Hanyar Gabas da Arewa

Hanyar aikin hajji ta ƙasa ta bi ta Barno da Wadai da Darfur zuwa Bahar Maliya, kuma alhazai sukan dawo da tsaraba. Sunan hindi da na hankatilo suna nuni da wannan ɓangare. Sai dai a kula, takobin Sudan da ake kira kaskara miƙaƙƙe ne mai dogon makarin hannu na ƙarfe, saboda haka ba ya cikin wannan lissafi. Daɗin daɗawa, a ƙarshen ƙarnin an sami rundunoni masu ɗauke da makaman waje a maƙwabta. Rabe ya ci Barno a 1893, Faransawa kuma suka kama Damagaram a 1899. Takobin sojan Faransa yana iya gangarowa Kano daga wannan lokaci ta hanyar ciniki ko kyauta.

4.4.3 Zuwan Turawan Ingila

A watan Oktoba na 1902 Magajin Keffi Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney, ya gudo Kano, Sarki Alu ya karɓe shi. Wannan na daga cikin hujjojin da Gwamna Lugga ya kafa na yaƙar Kano. A ranar 29 ga Janairu, 1903, Kanar Morland ya taso daga Zariya da sojoji fiye da 700, da igwa huɗu da bindiga mai ruwa huɗu. A ranar 1 ga Fabrairu suka iso Bebeji. Mutanen garin suka rufe ƙofa suka ƙi sallamawa, aka harba igwa aka fasa ƙofar, Sarkin Bebeji da wasu daga cikin jama'arsa suka rasa rayukansu. Ranar 3 ga Fabrairu birnin Kano ya faɗi, a lokacin Sarki Alu yana Sakkwato tare da yawancin baradensa. A ƙarshen watan ne aka yi karon Kwatarkwashi, inda Waziri Ahmadu ya yi shahada.

Akwai dalilai uku da suka sa da wuya lanƙwasasshen takobin sojan doki ya fito daga wannan rana. Na farko, sojojin Morland, waɗanda galibinsu 'yan ƙasa ne, bindiga suke riƙewa da wuƙar bakinta. Ko masu dawakin cikinsu sojan ƙasa ne da ke hawa domin saurin tafiya, idan faɗa ya tashi sai su sauka su yi harbi, kamar yadda suka yi a Kwatarkwashi. Na biyu, takobin da hafsoshin sojan ƙasa na Ingila ke ɗaurawa a lokacin shi ne samfurin 1897, wanda miƙaƙƙe ne, an yi shi domin suka. Gaskiya ne an aro hafsoshin daga runduna daban-daban, wasu kuma takubbansu na da 'yar lanƙwasa kaɗan, amma samfurin 1796 mai lanƙwasa sosai sojan Ingila sun daina aiki da shi shekaru da dama kafin nan. Na uku, faɗan Bebeji bai daɗe ba, kuma wanda aka ci da yaƙi ba shi ke kwasar ganima ba. Abin da ya fi kusa da hankali shi ne, takobin hafsan Ingila da za a samu a yankin ya shigo ne daga baya, a zamanin mulkin mallaka, ta hanyar kyauta ko saye ko ta hannun tsofaffin sojoji.

4.4.4 Ƙirar Gida

Bai kamata a manta da maƙeran gida ba. Maƙeran baƙi suna ƙera ruwan takobi da ƙarfen tama, kuma duk siffar da suka gani suna iya kwaikwaya. Maƙeran fari kuma su ke yi wa ƙota ado da tagulla da azurfa da dalma. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma motoci suka yawaita, sai tsofaffin ƙarafan waje suka wadata, har aka koma ƙera takubba da sifirin mota. Da yawa daga takubban da ake gani a hawan salla irin waɗannan ne. Tsatsa da tsufan kube kaɗai ba su isa shaidar cewa takobi ya ga ƙarni na 19 ba, domin damina kaɗan ta ishi ƙarfe ya yi kama da na kaka da kakanni.

4.5 Matakan Gane Asalinsa

Gani ya kori ji. Bayan an saurari abin da masu takobi suka gada na labari, sai a koma ga jikinsa a bi waɗannan matakai:

1. Bayan ruwa. A nan masana'antun gwamnatin Faransa na Klingenthal da Chatellerault suke rubuta sunan masana'anta da wata da shekarar ƙira da rubutun hannu. Idan an sami wannan, an sami shekara ke nan ba tare da wani kokwanto ba. Kamfanin Wilkinson na Landan kuma ya fara buga lamba a bayan takubbansa tun 1844, kuma akan iya bin lambar a littattafan kamfanin a gano shekara, wani lokaci har da sunan hafsan da ya saya.

2. Gindin ruwa, kusa da ƙota. Takubban hafsoshin Ingila suna da wani ɗan faifan tagulla a tsakiyar tauraro mai tsini shida. Mai kallo yana iya ɗaukarsa hatimin Annabi Sulaiman ne, ya zaci aikin malamai ne ko na Larabawa, alhali alamar gwajin ƙarfe ce. Irin wannan tauraro ne ke jikin tsohon kwabo da anini masu huji na zamanin Turawa.

3. Tambarin sarauta. Haruffan VR na nufin Sarauniya Victoria, wadda ta rasu a 1901. Tambarin Sarki Edward na Bakwai daga 1901 ne zuwa 1910, na George na Biyar kuma daga 1910 zuwa 1936. Duk takobin da ke ɗauke da tambarin George na Biyar bai halarci faɗan Bebeji ba. Haka nan siririn miƙaƙƙen takobin sojan doki na samfurin 1908.

4. Hotunan da aka buga. Hoton kyarkeci mai gudu tambarin garin Passau ne tun asali, daga baya maƙeran Solingen suka ara. Akwai kuma hoton zaki da na ƙuda da na jinjirin wata biyu masu fuska. To amma a nan sai an yi hattara. Lloyd Cabot Briggs, a nazarinsa na 1965 a kan takubban Buzaye, ya nuna cewa maƙeran Afirka suna kwaikwayon waɗannan alamomi domin ƙara wa kayansu daraja. Na masana'anta yakan fito daidai wa daida saboda bugu ɗaya aka yi da hatimi, na kwaikwayo kuwa akan ga sawun kurfi a jikinsa.

5. Kwarmi. Na masana'anta santsi gare shi, zurfinsa ɗaya daga farko har ƙarshe. Na maƙerar gida yakan ɗan karkace, zurfinsa kuma ya bambanta.

6. Ƙota da kube. Idan ƙotar Turai tana nan, kuben kuma na ƙarfe ne mai zobba biyu na ratayawa a ɗamara, to takobin ya zo a cike ne. Idan kuwa ƙotar ta gida ce, kuben na fata mai hamila, to ya bi ta hannun maƙera da dukawa, wato ya zama kayan Bahaushe. A nan ne ake gane cewa shekarun ruwa daban, na ƙota daban. Ruwa ɗaya yana iya cin kube uku ko huɗu.

4.6 Amfaninsa

Ruwan takobi yana nuna inda aka ƙera shi ne kawai. Aikin da ya yi a hannun mai shi kuwa sai an duba ƙota da kaifi da irin gidan da aka same shi. Ana iya kasa amfanin gida huɗu.

Na farko, yaƙi. Masu ƙera lanƙwasasshen takobi sun yi shi ne domin mahayi mai gudu, saboda lanƙwasar tana sa kaifi ya ja a jikin abin da aka sara, ya yanka ya wuce ba tare da ya maƙale ba. Sai dai a tsarin yaƙin Hausawa mashi ne makamin barde na farko, ba a zare takobi sai an cakuɗe. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa tun zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da kwalkwali da sulke. 'Yan lifidi masu nauyi aikinsu fasa sahun abokan gaba ne, sauran barade marasa nauyi kuma su ne masu kora da bin sawu. A kudancin Kano wannan bambanci yana da muhimmanci. Ƙarfin Ningawa yana ga 'yan baka masu kibiya mai dafi, mafakarsu kuma duwatsu da kurmi, inda doki ba ya sakewa. Damar barde ita ce ya cim ma mahara a fili kafin su shige daji da abin da suka kama. A irin wannan kora lanƙwasasshen takobi zai yi amfani ƙwarai. Shaidar takobin da ya yi wannan aiki ita ce ruwan da ya sirance saboda yawan wasawa, da giɓi a kashi ɗaya cikin uku na wajen baki, da ƙota marar ado wadda hannu ya cinye.

Na biyu, alamar girma. Sarakuna sun saba yi wa jarumawa da hakimai kyautar doki da riga da takobi, kuma abin da ba kowa ke da shi ba ya fi dacewa da kyauta. Takobi a matsayin kayan sarauta sananne ne a ƙasar Hausa. A Katsina akwai Gajere, wanda ake dangantawa da Korau, a Daura kuma akwai wanda ake dangantawa da Bayajida. A. D. H. Bivar ya yi nazarin irin waɗannan a littafinsa na 1964. Takobin da ya yi wannan aiki akan same shi da ƙotar azurfa ko tagulla mai zane, da kube mai ado, kaifinsa kuma bai sha dutse ba.

Na uku, tsaron kai a hanya. Ayarin fatake ba ya tafiya hannu sake, madugu da manyan ayari sukan rataya takobi. A gari irin Bebeji, takobin da aka samu a gidan da ya gaji fatauci ya fi kusa da wannan bayani a kan na fagen fama.

Na huɗu, ado. Bayan 1903 yaƙi ya ƙare, doki da takobi suka koma kayan hawan salla da rakiyar hakimi. Nan ne tsofaffin ruwa suka sami sababbin kube masu launi. Sau da yawa takobi ɗaya yakan ratsa matakai biyu ko uku daga cikin waɗannan, ya fara a hannun sojan Turai, ya zo hannun barde, ya ƙare a kafaɗar jikansa ranar hawa.

4.7 Matsalolin Adanawa

Abubuwa biyu ke barazana ga waɗannan kayayyaki. Na farko shi ne gyaran da ba na masana ba. Idan aka goge ruwan takobi da yashi ko aka kai shi injin wasa wuƙa domin ya yi ƙyalli kafin salla, rubutu da tambarin da za a karanta sun tafi ke nan har abada. Abin da ya kamata shi ne a share shi da tsumma mai ɗan mai, a ajiye shi inda babu laima, tsohon kube kuma ko ya yage kada a yar. Na biyu shi ne dillalan kayan da, waɗanda ke saye da araha su fitar waje. Dokar soja mai lamba 77 ta shekarar 1979, wadda ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta hana cinikin kayan tarihi ba ta hannun wanda hukuma ta amince da shi ba, ta kuma hana fitar da su ba da izini ba. Kayan hannu ƙirar gida da aka yi kafin 1918 suna ƙarƙashin wannan doka. Takobin da ya bar gidansu ya rabu da labarinsa, ko da an gane masana'antar da ta ƙera shi ba za a ƙara sanin wanda ya rataya shi ba. Saboda haka yana da kyau masu irin wannan gado su rubuta sunan wanda ya fara mallakarsa da sana'arsa ko sarautarsa, su ɗauki hoton tambarin da ke jikinsa, su kuma nemi shawarar ma'aikatan Gidan Makama da ke Kano.

4.8 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa takobin Hausa na ainihi miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, amma Hausawa sun san lanƙwasasshe har sun ba shi sunaye. An kawo hanyoyi huɗu da zai iya biyowa zuwa kudancin Kano, aka nuna cewa hanyar ciniki ta hamada ta fi ƙarfin hujja, faɗan Bebeji na 1 ga Fabrairu, 1903 kuma ya fi rauni, saboda irin makaman da rundunar Morland ta riƙe da kuma yadda faɗan ya ƙare. An jera matakai shida na duba jikin takobi, sannan aka bambanta amfaninsa a yaƙi da sarauta da fatauci da ado. Babi na gaba zai duba sana'ar dukanci da rawar da ta taka wajen yin kube da hamila da sauran kayan doki a wannan yanki.